WAƘAR DAREN TEKU DA SHARHINTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya yi wa teku iyaka, in Ya so kuma Ya ɗage iyakar. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ma'abota zikiri na zangon Kumasi da na Ankara da Tamale, da duk inda wannan ɗan littafi ya isa, ku sani ban tsara wannan waƙa don gwaninta ba. Ni almajiri ne, haifaffen zangon Kumasi, neman abinci ya kai ni birnin Niyok na ƙasar Amurka, ina tuƙin tasi, kuma magabata suka ɗora mini izinin ba da wuridi ga 'yan'uwan da ke kusa da ni. Laifi na yi da wannan izini, aka umurce ni in faɗa da bakina. Ga waƙar, ga kuma sharhinta a ƙarƙashin kowane kashi.

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Ta'ala da Yai guguwa Yai ruwa.

Salati ga Manzo Muhammadu Ɗaha,
Da Alai, Sahabbai, da duk 'yan'uwa.

Ka yarda da Shehu Tijani na Fasi,
Da Shehu na Kaulaha mai shayarwa.

Ku ji ni, ina ba da labarin ranar
Da teku ta tashi ta cim ma kowa.

SHARHI: Ranar da nake nufi ita ce Litinin 13 ga Zulhajji 1433, wadda ta yi daidai da 29 ga Oktoba 2012. Ranar Juma'a muka yi Babbar Salla, da asubar Litinin ɗin muka cika kabarbarin bayan salloli. Guguwar ana ce mata Sandi. Ta fara bi ta Jamaika da Kyuba, ruwanta ya kashe mutane da dama a Haiti, sa'an nan ta miƙo arewa ta kan teku. A al'ada irinta takan karkata gabas ta ɓace a tsakiyar ruwa. Wannan kuwa sai ta tarar an tare mata hanya ta can, ta juyo yamma, ta faɗo ƙasa a gaɓar Niyu Jasi bayan magariba. Faɗinta ya kai wajen mil 1,000.

Unguwarmu sunanta Rokawe. Wani siririn harshen rairayi ne mai tsawon wajen mil 11, babbar teku a kudunsa, wani babban lungun ruwa a arewacinsa. Akwai inda mutum zai tsaya a tsakiyar titi ya hangi ruwa ta nan ya hangi ruwa ta can. Hayar ɗaki ta fi sauƙi a wajen da muke, shi ya kai talakawa irinmu.

Ku fahimci wani abu, domin mutumin tudu in ya ji guguwa sai ya zaci iska ce mai kwashe jinka. Iskar ba ita ce babbar mai kisa ba. Abin da take yi shi ne ta yi ta tura fuskar teku gabanta, yini da kwana, kamar yadda mace ke tura ruwa da tsintsiya a tsakar gida, har ruwan ya taru a kusurwa ya rasa mafita sai ya hau tudu. Niyok kuwa a kusurwa take. Sa'an nan kun san teku na cika tana janyewa sau biyu a yini da dare, abin da Larabawa ke kira maddi da jazri, kuma cikarta ta fi ƙarfi in wata ya cika. To, daren 14 ga wata ne. Turin iska da cikar wata suka haɗu a sa'a guda. A ƙarshen tsibirin Manhatan an auna ruwan ya kai wajen ƙafa 14, abin da ba a taɓa aunawa ba a wurin.

Akai mana shela mu bar bakin teku,
Na ce: mai wuridi ba ya guduwa.

Na sa masa suna tawakkali, kaito,
Ashe ko kasala ce har da ƙiwa.

Da naman da nai layya, kayan gidana,
Su ne suka ɗaure ƙafa ga tsayawa.

Na ja wani yaro cikin kuskurena,
Ya zauna a rami yana amincewa.

SHARHI: Ba a ɓoye mana kome ba. Ranar Lahadi magajin gari, Michael Bloomberg, ya ba da umurni mutum wajen 375,000 da ke ƙasa-ƙasan bakin ruwa su tashi, unguwarmu duka tana ciki. Aka buɗe makarantu don masu neman mafaka, aka ce jiragen ƙarƙashin ƙasa za su tsaya da ƙarfe 7 na yamma. 'Yan'uwanmu na Buronks, inda mafi yawan mutanen Gana suke, suka yi ta bugo waya suna cewa ga shimfiɗa a zawiyya, mu taho.

Me ya hana ni? Zan faɗa ba ragi. A watan Agusta na 2011 an yi mana irin wannan shela saboda wata guguwa da ake kira Airin. Muka kwashi yara muka tafi, muka dawo muka tarar ko tabarma ba ta jiƙe ba, na yi asarar aikin kwana biyu. Wannan ɗaya. Na biyu, ina tsoron ɓarayi su shiga ɗaki in ba kowa. Na uku, kuma shi ne abin kunya, rago guda na yanka, na raba kaɗan, sauran na cusa a firji na ce sai a hankali. Na huɗu, gajiyar Salla. Waɗannan su ne dalilaina na gaskiya. Amma da maiɗakina ta ce mu tafi, ba ko ɗaya daga ciki da na faɗa mata. Cewa na yi: wanda ke wazifa kullum, ina shi ina tsoron iska? Ajali in ya zo ko a Buronks zai same mu. Na tufatar da ƙiwata da rigar tawakkali, rigar kuwa ta zauna mata cif, har ni kaina ban gane ta ba.

Da a kaina abin ya tsaya da sauƙi, don mu a hawa na uku muke. Amma akwai wani saurayi, ɗan aminina na Kumasi, wanda ubansa ya damƙa mini shi hannu da hannu. Ni na ba shi wuridi. Yana haya a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, titi biyu daga gidana, irin ɗakin da tagarsa ke daidai da ƙafafun masu wucewa. Shi nake kira rami a baitin. Ranar Lahadi bayan mun shafa fatiha ya matso ya durƙusa ya ce, “Malam, abokan aikina za su wuce da mota, sun ce akwai wuri. In bi su?” Na ce, “Ɗana, zauna. Riƙe carbinka. Ba abin da zai same ka.” Ya ce, “To, Malam.” Ko cewa ban yi ya zo ya kwana a wurina ba.

Ya ɗan'uwa muƙaddami, tsaya a nan kaɗan. Yaron nan ba shawara ya nema ba, izini ya nema, kuma mu muka koya masa cewa muridi ba ya gardama. Na yi masa alkawari da abin da ba a hannuna yake ba, na kuma jingina alkawarin ga ɗariƙa. Shehu bai aike ni da wannan ba.

Wata ya cika, magariba ta shige,
Sai ga ta a titi tana malalowa.

Ta gaba da baya ruwa ya game,
Fitilu su mutu, ba ka ganin kowa.

Wuta ko tana ci a tsakar ruwa can,
Ma'aikata sun rasa hanyar zuwa.

Na nemi wuridi a harshena, babu,
Illa Ya Laɗifu nake nanatawa.

SHARHI: Mun yi magariba mun yi wazifa, ni da babban ɗana, gini na girgiza kamar mota a kan gargada. Ruwan sama ma bai yi yawa ba, shi ya ƙara rudar mutane. Wajen ƙarfe 8 na leƙa taga na ga titi yana walƙiya. Na zaci kwata ce ta cika. Kafin in juya in kira maiɗakina ruwan ya shafe tayoyin motoci, kafin a yi isha'i motocin sun tashi suna yawo, suna karo da juna, ƙahonninsu na kuka su kaɗai har suka shaƙe ɗaya bayan ɗaya. Tasi ɗin da nake tuƙawa tana cikinsu. Ruwan teku ta kudu da ruwan lungu ta arewa suka haɗu a kan unguwa, babu sauran tudu sai gine-gine. Wani dogon dandamalin katako da aka shimfiɗa a bakin teku don masu shan iska ya tsinke gunduwa-gunduwa, ya shigo cikin gari yana dukan bangaye. Sai wuta ta ɗauke.

A lokacin ne yaron ya faɗo mini a rai. Na buga wayarsa, ba ta shiga. Na sauka da tocila, a matakala ta ƙasa ruwa ya kai mini ƙirji, sanyinsa kamar wuƙa, yana warin fetur da masai, kuma yana ja. Ban iya iyo ba. Na koma sama ina rawar jiki. Ta yamma sama ta yi ja. Daga baya muka ji gobara ce a wurare da dama, mafi girma a Breezy Point, ƙarshen harshen namu, inda gida fiye da 100 ya ƙone ƙurmus a tsakiyar ruwa, motocin kashe gobara sun kasa isa.

Wallahi, ni da na ce mai wazifa ba ya tsoro, na ɗauki carbi na rasa farkon Salatul Fatihi, salatin da nake yi tun ban yi gemu ba. Suna ɗaya ya rage a bakina, shi na yi ta maimaitawa har gari ya waye. Ba don kaina nake kira ba. Fuskar uban yaron nake gani.

Da safe na je na tarar da ɗakinsa
Cike har rufi, ba alamar rayuwa.

Ashe wani bawa da ba ya da salla
Ya fasa taga ya jawo shi da wuya da ƙuwwa.

Ya dube ni yai mini gaisuwar ladabi:
“Na zauna, Malam, ban yi guduwa.”

Da zagi ya yo mini da ya fi sauƙi,
Kalmar ta fi mashi wurin sokewa.

SHARHI: Da asuba ruwan ya janye ya bar rairayi a titi kamar an zuba da tifa. Na isa gidan na tarar matakalar ɗakinsa ta zama rijiya, takalminsa ɗaya na yawo a kai. Na zauna a ƙasa ina salati. Sai wata tsohuwa ta leƙo daga bene ta yafuto ni. Na hau na same shi a ƙudundune cikin bargo, hannuwansa duk yankan gilashi.

Ga yadda aka yi. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana zaune a kan sallaya. Bai tashi ba, don Malam ya ce ba abin da zai same shi. Ya ɗauki Alƙur'ani ya ɗora a kan kabad ya ci gaba da jan carbi. Sai da ruwa ya kai gwiwa ya nufi ƙofa, ƙofa kuwa ta ƙi, nauyin ruwan waje ya danne ta. Ɗan tsohuwar nan, Kirista ne mutumin Haiti, bai tashi ba saboda uwarsa ba ta iya tafiya, kuma a makon ya ji abin da ruwan ya yi wa ƙasarsu. Shi ya tuna akwai mutum a ƙasa. Ya sauko da ƙarfen kwance taya, ya ɓamɓare ƙarfen taga, ya fasa gilashi, ya jawo shi ruwa na wuyansa.

Ku duba hikimar Allah. Ni da carbi na ce zauna, wancan da ƙarfe ya ce fito, kuma ta hannunsa Allah Ya zartar da ceto. Ba ina cewa ƙarfe ya fi carbi ba, Allah Ya tsare harshena. Ina kyautata zaton Ubangiji Ya dubi gaskiyar zuciyar yaron ne Ya turo masa mutum. Amma sababi Ya turo, bai tsaga masa bango ba. Wasu fiye da 40 a birnin ba a kai gare su ba, da yawansu tsofaffi ne da suka nutse cikin ɗakunansu, fiye da rabi a tsibirin Sitatin. A can ne ruwa ya fizge yara biyu daga hannun uwarsu, ɗan shekara 2 da ɗan shekara 4. Saboda haka da na ji wasu a gida suna cewa Allah ne Ya hukunta Amurka, na ce su yi hattara. Wane zunubi ɗan shekara 2 ya yi? Talakan Haiti fa? Sirrin ƙaddara ba mu aka ba mabuɗinsa ba.

Nuhu da kansa ya sassaƙa jirgi,
Ɗansa ya ƙi shi, ya zam nutsewa.

Manzo ya tanadi raƙuma biyu,
Da ɗan jagora, da kogon fakewa.

Umar ya juyo da jin annobar Sham,
Ina wanda zai ce da shi mai guduwa?

Tawakkali aikin zuciya ne,
Gaɓɓai su tashi su yo nemowa.

SHARHI: Duk wannan na san shi kafin ruwan, na ma karantar da shi, shi ya sa laifina ya fi na jahili. Annabi Nuhu, da Allah Ya so Ya ɗauke shi sama har ruwa ya wuce, amma Ya umurce shi da sassaƙa, mutane na wucewa suna yi masa ba'a. A ƙissar, kamar yadda ta zo a Suratu Hudu, wanda ya ƙi shiga jirgi shi ne ya halaka. Ni kuwa na zauna a Rokawe ina zaton ina sahun Nuhu, ashe matsayin ɗan na tsaya, bene na uku shi ne dutsena.

Shugaban masu tawakkali, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai yi hijira an tanadi raƙuma, an ɗauki ɗan jagora masanin hanya, ya nufi kudu alhali Madina na arewa, ya kwana uku a kogon Sauru. Ranar Uhudu sulke biyu ya sa. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya ji annoba ta sauka, ya yi shawara da Sahabbai ya juya da mutane. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Wane ne ni, direban tasi, da zan fi waɗannan yaƙini?

FA'IDA: In kana son ka gane tawakkali ne ya zaunar da kai ko ƙiwa, tambayi kanka: da ba ni da kome a ɗakin nan, da tafiyar ba ta da wahala, zan zauna? Ni da na yi wa kaina wannan tambaya ranar Lahadi da na ji warin naman rago a cikin amsar.

MAS'ALA: 'Yan'uwa da ke dogayen benaye famfonsu ya ƙafe, don injin tura ruwa sama da lantarki yake aiki. Suka tambaya ko a yi alwala da ruwan da ya kwanta a titi, tunda na teku ne. Jawabi: ruwan teku a asalinsa mai tsarki ne mai tsarkakewa. Amma wannan launinsa da ƙanshinsa sun jirkita da najasar masai, bai halatta ga ibada ba, bai halatta ga girki ba. Ɗan ruwan kwalba da ya rage na sha ne, kada a ƙarar da shi a alwala a bar yara da ƙishi. A yi taimama a kan dutse mai tsarki, kada a yi da rairayin da ruwan nan ya kwaso. Wanda lazimi ko wazifa ta kuɓuce masa a daren ya rama, domin alkawari ne ya ɗauka.

Naman da na ɓoye na fitar da shi,
Muka gasa a titi, muna rarrabawa.

Na je Kumasi na durƙusa gun uba,
Ya ce: je ka faɗa wa 'yan'uwa.

SHARHI: Wuta ba ta dawo mana ba sai bayan makonni. Ranar 7 ga Nuwamba ƙanƙara ta sauka a kan mutane ba abin ɗumama ɗaki. Gadar jirgin da ke haɗa mu da gari ta lalace, jirgi bai sake ƙetarowa ba sai ƙarshen Mayu 2013. Naman nan da ya riƙe ni, ranar Talata ya fara narkewa. Muka kafa murhu a bakin titi muka gasa shi duka, Musulmi da Kirista da wanda ban san addininsa ba kowa ya miƙo hannu, kaso mafi kyau na kai wa tsohuwar nan da ɗanta. Na san malamanmu na Malikiyya akwai mai karhanta ba wanda ba Musulmi ba naman layya, akwai mai sauƙaƙawa. Ranar dai mayunwata na gani.

Na daɗe ina ɓoye wa uban yaron rabona a cikin lamarin. Abin da ya sani shi ne ɗansa ya tsira. Sai a 2015 na zo gida, na tarar ana zaman makokin abin da ya faru a Ankara ranar 3 ga Yuni, daren da kogin Odo ya cika ya shafe Sakel, mutane suka fake a gidan mai, wuta ta tashi a kan ruwa, wajen mutum 150 suka rasu. Waɗannan bayin Allah ba a yi musu shela ba, mafaka suka nema, Allah Ya jiƙansu. Amma a zaman na ji wani dattijo yana ce wa masu ɗakuna a bakin kwata kada su damu da maganar tashi, Allah na nan. Na ji muryata a bakinsa. A daren na tafi Kumasi na durƙusa gaban aminina na faɗa masa kome, har kalmar da na ce wa ɗansa.

Ya daɗe bai ce uffan ba, yana jan carbi. Can ya ce, “Malam, ni na yafe, yaro ma na san ya yafe. Amma ba mu kaɗai ka ci wa amana ba, da sunan ɗariƙa ka yi magana. Je ka faɗa a inda ake jin maganarka.” Na ce, “Na ji, Alhaji.” Shekaru na yi ina jan ƙafa, ƙiwar nan dai ba ta mutu ba, sai yanzu Allah Ya nufa.

Baitocinta 22 ne. Wanda ya ga kuskure a ciki ya gyara, wanda ya karanta ya sa ni a addu'a, ya sa yaron, ya roƙa wa maƙwabcin nan shiriya da kyakkyawan sakamako, ya yi wa Musulmin da ruwa ya ci a Niyok da Ankara fatiha.

Tammat bi hamdillahi.